Ƙudan da Ke Zubar da Fukafukansa

Wata Asabar ce a tsakiyar watan Satumba. Ina cikin alwalar Magariba, na kai hannu zan yi shafar kai, sai na ji wani abu ya motsa a ƙarƙashin yatsana, can wajen ƙeya. Na ɗauka ganye ne ya maƙale mini, don yinin ranar a daji na yi shi. Da na sake lalubawa sai abin ya zille, ya yi gefe da gudu a cikin suma. Sai da na sa hannu biyu, na bi shi a hankali har bayan kunne, sannan na damƙe shi. Kafin in gama alwalar nan na ciro uku daga kai, ɗaya daga gemu.

Shekarata ta farko ke nan a Joensuu, wani gari a gabashin Finlan, a yankin Kareliya ta Arewa, ba nisa da iyakar Rasha. Karatu ya kawo ni. Maƙwabcina wani dattijo ne da ya yi rayuwarsa yana aikin katako har ya yi ritaya. Su a nan kowa da sunansa ake kiransa, yaro da babba, amma ni bakina ya ƙi, Baba nake ce masa, kuma ya saba har yana amsawa. Shi ne ya ɗauke ni a motarsa ranar, muka tafi tsinkar puolukka, wasu 'ya'yan itace jajaye masu tsami, girmansu bai kai na magarya ba, suna fitowa a ƙasa ƙasa ƙarƙashin bishiyoyi. Dokar ƙasar ta ba kowa damar shiga daji ya tsinki irin waɗannan 'ya'yan itace da laimar kwaɗi, ko da filin na wani ne, muddin bai yi ɓarna ba kuma bai kusanci gidan mutane ba. Idan kaka ta yi, tsofaffi da yara duk sai ka gan su da bokiti.

Da za mu fita na lura Baba ya sa riga mai haske, ya ja hular rigar ya ɗaure ta tamau a haɓa, ya cusa ƙafar wando cikin safa. Ni kuwa baƙar rigar sanyi na saka, kaina a buɗe, ga suma ta taru don na yi wata biyu ban je aski ba. Ya dube ni, ya yi wata magana da harshensu wadda ban gane ba a lokacin, ya miƙo mini wata hula. Zafin tafiya ya sa na cire ta tun ba mu yi nisa ba.

A dajin na ji abubuwa suna faɗo mini a wuya jefi jefi. Ba su da kuka irin na sauro, ba sa kewaya mutum irin na ƙudan gida. Sai dai ka ji tap, abu ya sauka. Ka kai hannu ka kaɗe, ka ɗauka ya tafi. Ashe bai tafi ba, ciki ya shige.

Na ɗora ɗaya a kan farar takarda a ƙarƙashin fitila ina dubawa. Tsawonsa kamar rabin santimita, launinsa ruwan ƙasa, jikinsa a shafe kamar an danne shi da dutsen guga. Ƙafafu shida masu kauri, a buɗe kamar na kaguwa, kowace da ƙugiya a bakinta. Mai gani zai rantse kaska ce, sai dai kaska babba ƙafa takwas gare ta, kuma ba ta da sauri. Wannan kuwa gaba yake yi, baya yake yi, gefe yake yi, duk da gudu ɗaya. Na danna shi da ɗan yatsa iya ƙarfina, na ɗaga, ya ci gaba da tafiyarsa kamar ba a yi komai ba. Fatar jikinsa kamar ƙirgi take. Sai da na sa shi tsakanin farce biyu, yadda iyayenmu mata ke yi wa ƙwarƙwata, sannan na ji ƙas.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, na tabbata tashi suka yi suka sauko mini, amma ga shi babu fiffike ko ɗaya a jikinsu. Da na juya wuyan rigata sai na ga fukafukan a manne da zare, sirara, garai garai kamar ɓawon albasa.

Na ƙwanƙwasa wa Baba ƙofa da takardar a hannuna. Ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya ce hirvikärpänen. Ma'anarsa ƙudan hirvi. Hirvi ita ce babbar dabbar dajinsu, dangin barewa ce amma ta fi doki tsawo, namijin yakan kai kilo 500, ƙahonsa a baje kamar tafin hannu. Ya ce in tattaro duk kayan da na sa, ya kai su ɗakin sauna, wato ɗakin nan nasu na wankan zafi da kusan kowane gida ke da shi, ya baza su a kan benci. Zafin ne ke kashe waɗanda suka ɓuya a ɗinki. Ya kawo mini wani mataji mai ƙananan haƙora, ya ce in tsefe kaina a kan farin tawul. Na ƙara samun biyu.

Ban ji cizo ba a ranar. Sai bayan kwana uku ƙuraje suka fito mini a ƙeya da bayan kunne, guda biyar, masu tauri kamar tsakuwa a ƙarƙashin fata. Ƙaiƙayinsu ya fi na sauro nesa ba kusa ba, kuma da dare ya fi tashi. Da suka kai sati biyu ba su baje ba na je wurin ma'aikaciyar jinya. Kallo ɗaya ta yi musu ta tambaye ni ko na shiga daji. Ta ba ni man shafawa, ta ce in yanke farce, in daina susa don kada su zama gyambo. Ta ce akwai mutanen da ba ya yi musu komai, akwai kuma waɗanda ƙurajen ke kai musu watanni, har wasu su kusa shekara. Nawa sun yi sati shida. Har yau idan na shafa wurin ina jin ɗan tabo guda.

Masu bincike sun samu wata ƙwayar cuta a cikin ƙudan, sunanta Bartonella schoenbuchensis. An raɗa mata sunan ne daga dajin Schönbuch da ke kudancin Jamus, inda aka fara gano ta a jinin barewar can. Ana zargin tana da hannu a irin wannan ƙaiƙayi mai daɗewa da wasu ke fama da shi. Wannan ya sa ban ɗauki cizon a matsayin abin wasa ba, kuma duk baƙon da ya zo garin nan daga wajenmu, kafin in nuna masa shagon da ake sayar da naman halal, sai na fara gaya masa yadda zai yi shiga idan zai je daji daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba.

Ƙaiƙayin ne ya tura ni karatu a kansa, amma abin da na tarar ya sa na manta da ƙaiƙayin.

Sunansa a wurin masana Lipoptena cervi, kuma tun 1758 Linnaeus, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, ya sa shi a littafi. Ƙuda ne na gaske, ɗan uwan ƙudan gida na nesa. Yana fitowa daga ƙasa a ƙarshen bazararsu da fukafukansa cikakku, ya hau ciyawa ko reshe ya zauna yana jira. Ba ya tafiya mai nisa, kuma ba ya cin komai a wannan zama. Abin da ya taho da shi a jikinsa da shi yake rayuwa har abin da yake jira ya gifta: wani abu babba, mai duhu, mai ɗumi, mai motsi. Da ya gan shi sai ya tashi ya faɗa masa, ya kutsa cikin gashi. Daga nan fukafukan su karye daga gindi su zube. Ba za su sake tsirowa ba har abada. Naman da ke motsa su ma narkewa yake yi, jikin ya juya shi zuwa wani amfanin, ƙafafu su ƙara ƙarfi, ciki ya buɗe don ɗaukar jini. A cikin gashi mai kauri fiffike kaya ne kawai, zai riƙa sarƙewa. Mace da namiji duka jini suke sha, kuma a nan jikin dabbar suke haɗuwa su yi barbara.

To ka ga wanda ya sauka a kaina ya yi asarar da ba ta da gyara. Baƙar rigata da baƙar sumata suka ruɗe shi, ya ɗauka hirvi ce. Ya zubar da fukafukai a kan ɗan Adam, alhali ba ya iya hayayyafa a jikin mutum, kuma ba shi da hanyar komawa reshe ya sake jira. Hausawa na cewa ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu, amma wannan ba kwaɗayi ke kashe shi ba. Dama ɗaya tak aka ba shi a rayuwa, kuma idonsa ba ya bambance mutum da dabba. Na kashe su da farce, kuma gobe ma in na samu zan kashe, amma tun da na san wannan na daina ganinsu a matsayin mugaye.

Sai maganar haihuwa, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. Mun saba ƙwaro ya zuba ƙwai ɗari ko dubu ya yi gaba, wanda ya rayu ya rayu. Uwar wannan ƙuda ba ta yin haka. Ƙwai ɗaya take yi a lokaci guda, kuma ba ta ajiye shi a waje. A cikinta yake ƙyanƙyashewa ya zama tsutsa, a cikinta tsutsar ke girma, tana tsotsar wani ruwa mai kama da nono da jikin uwar ke tatsowa daga jinin da ta sha. Sai tsutsar ta gama girma tsaf sannan ta haife ta. Da fitowarta fatarta ke taurarewa ta yi baƙi, ta zama ƙwanso, ta gangaro daga gashin dabbar ta faɗi ƙasa. Uwar kuma ta ɗauki wani cikin. Haka take yi ɗaya bayan ɗaya tun daga kaka har sanyi ya wuce. Ranar da na karanta wannan na daɗe zaune ina tasbihi. Ƙwaron da bai kai ƙwayar wake ba, yana ɗaukar ciki, yana shayarwa.

Duk Bahaushen da ya san shanu ya san wani ƙuda mai irin wannan haihuwa, ko da bai san haka yake haihuwa ba. Ƙudan tsando ne, mai kawo wa shanu sammore, mai kawo wa mutane ciwon barci. Shi ma tsutsa ɗaya uwar ke reno a cikinta, ta haife ta a inuwa, tsutsar ta nutse cikin ƙasa. Masana sun sa su a babban gida ɗaya. Wato abin da ya cije ni a dajin da ke kusa da Rasha ɗan uwa ne ga wanda ya hana Fulani kai shanunsu wasu dazuzzukan kudu shekara da shekaru.

A watan Maris Baba ya ce in zo ya nuna mini wani abu. Muka bi sawun hirvi a kan dusar ƙanƙara, shi a gaba yana tafiya kamar a tsakar gida, ni a baya ina nutsewa har gwiwa. Muka iso wani wuri da dabbar ta kwana, dusar ta lotsa daidai girman jikinta. Ya tsuguna ya nuna mini da sanda. Farin wurin duk ya yi ɗigo ɗigo ja da ruwan ƙasa, ga gashi a warwatse, ga kuma wasu ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe masu sheƙi, kamar habbatus sauda da aka shafa wa mai. 'Ya'yan ƙudan ke nan. Na tsinci goma sha ɗaya a wannan makwanci kaɗai. Haka za su zauna cikin sanyin da ke daskarar da ruwa ya zama dutse, dusar ta narke su sauka cikin gansakuka, su jira har Agusta. Tsuntsaye na tsince wasu, don baƙi a kan fari ba ya ɓuya. Sauran su ne za su tarbi masu bokiti a kaka mai zuwa.

Na tambaye shi ko nawa ne ke kan dabba ɗaya. Ya ce shi dai a lokacin da yake farauta, idan suka kayar da hirvi a Oktoba, da gawar ta fara sanyi sai ka ga gashin yana motsi da kansa, suna fitowa suna neman ɗumi, su hau hannun mai fiɗa. Daga baya na ga cewa masu bincike a nan Finlan sun zauna sun ƙirga su a fatun dabbobin da mafarauta suka harbe, kuma a jikin wani namiji guda sun samu sama da 17,000. Ka tsaya ka auna wannan. Baki dubu goma sha bakwai, kowanne yana shan jini sau da yawa, tsawon watannin da dabbar ba ta da abinci sai rassa da ɓawon itace. A lokacin sanyin 2006 zuwa 2007, a kudu maso gabashin ƙasar Nowe (Norway) da yankin Suwidin da ke maƙwabtaka da shi, an riƙa ganin hirvi da gashinsu ya zube, wasu kusan tsirara, kuma da aka duba an tarar ƙudan ya yi musu yawa fiye da kima. A ƙasar da gashi shi ne bargon dabba, wannan ba ƙaramar masifa ba ce.

Abin mamaki, a Finlan baƙo ne. Baba ya ce lokacin da yake yaro babu shi, suna shiga daji kai a buɗe. Wajen 1960 aka fara ganinsa a kudu maso gabashin ƙasar, ya tsallako daga ɓangaren Tarayyar Sobiyat. Da hirvi suka yi yawa shi ma ya yi yawa, ya riƙa matsawa yamma da arewa, har ya taɓo kudancin yankin masu kiwon poro, wato barewar nan ta gida da mutanen arewacin ƙasar ke kiwo kamar yadda muke kiwon shanu. A Nowe sai 1983 aka fara samunsa. A Amurka kuwa daga Turai aka kai shi, kuma tun 1907 aka san da shi a arewa maso gabashin ƙasar. Amma a tsakiyar Turai tsohon ɗan gari ne. Mutumin nan da aka tsinci gawarsa a cikin ƙanƙara a duwatsun da ke tsakanin Italiya da Ostiriya a 1991, wanda ya rayu shekaru fiye da 5,000 da suka wuce, an samu ɓurɓushin wannan ƙuda a cikin kayan da ke tare da shi. Ina jin shi ma ya sha susar ƙeya.

Matar Baba ta daina zuwa daji a Satumba shekaru da dama. Tana cikin waɗanda cizon ke kumbura musu wuya. Mace ce da ta tashi da tsinkar laimar kwaɗi tun tana riƙe da zanen kakarta, ta san kowane lungu da kowace iri ke fitowa, yanzu sai dai ta zauna a mota ko ta jira sanyi ya fara sauka ya kashe masu fiffiken. Idan Baba ya kawo kwandon ta kan zauna ta ware su tana tambayarsa daga ina ya samo wannan, ya duba gindin dutsen nan kuwa. Abin yana taɓa ni. Man korar sauro ba ya hana shi sauka. Abin da ke taimakawa bai wuce tufa mai haske mai santsi ba, da rufe kai da wuya, da duba juna kafin a shiga mota. Karnuka da dawakai ma ba su tsira ba.

Duk wannan lokacin akwai abin da ke yi mini gizo. Gudun nan na gefe, da yadda yake nutsewa cikin gashi kamar ruwa ya shige rairayi, na san na taɓa ganinsa. Ban tuna ba sai wata rana da nake kallon tattabaru a bakin kasuwar garin.

Ina ɗan shekara goma sha biyu a Daura na fara kiwon tattabaru. Da tukwane biyu na fara, a rataye a jikin katangar bayan ɗakin Inna, har suka kai ashirin da wani abu. Duk wanda ya taɓa kama tattabara ya buɗe fiffikenta ya san wani ƙuda mai duhu, shafaffe, da ke fitowa daga cikin gashin ya zaga wuyanta da gudu ya sake nutsewa. Wani lokaci ya tashi ya faɗo maka a hannu ko a kai, ka kaɗe ya ƙi kaɗuwa. Mu ƙudan tattabara kawai muke ce masa, ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Ga kuma wanda ke liƙe wa karnukan unguwa a wuya, suna ta kai masa cafka ba sa samu. Sannan idan na bi ƙanin mahaifina kasuwar Mai'aduwa, inda ake kawo raƙuma daga Nijar, nakan ga wasu manya, ja ja da ɗigon rawaya, sun yi cincirindo a ƙarƙashin wutsiyar raƙumi da tsakanin cinyoyinsa, inda ba ya iya kaiwa. Mai raƙumin ya share su da tafin hannu, su tashi su dawo wurin da suka bari.

Dukkansu gida ɗaya ne da ƙudan hirvi. Na tattabara shi ne Pseudolynchia canariensis, na raƙumi Hippobosca camelina, na kare Hippobosca longipennis. Jiki iri ɗaya, ƙugiya iri ɗaya, haihuwa iri ɗaya. Bambancin shi ne namu ba sa zubar da fukafukai, suna riƙe da abinsu, shi ya sa suke iya barin wannan dabba su koma waccan. Akwai ma wani ɗan uwansu da ke zama a jikin tumaki masu ulu a ƙasashen sanyi, wanda shi ko fiffiken ba a haifarsa da shi. An tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani kullum. Shekara shida ina kama tattabaru da hannuna, ban taɓa ɗora ƙudan nan a kan takarda na dube shi ba, sai da na yi tafiyar dubban kilomita ɗan uwansa ya cije ni.

Kuma riƙe fiffiken nan shi ne ya sa namu suka fi zama abin kula. Ƙudan da ke tashi daga jiki zuwa jiki yana iya ɗaukar cuta ya kai. Tun 1906 wasu likitoci biyu 'yan uwan juna, Edmond da Étienne Sergent, da ke aiki a Aljeriya, suka nuna cewa ƙudan tattabara ne ke yaɗa wata ƙwayar cuta ta jini mai suna Haemoproteus columbae, dangin wadda ke kawo zazzaɓin cizon sauro. Manyan tattabaru galibi suna ɗauke da ita ba tare da ta kayar da su ba, amma 'yan shila tana iya raunana su, ga kuma jinin da ƙudan ke zuƙa daga jikin da ko gashi bai gama fitowa ba. Har ƙwarƙwatar tsuntsu takan maƙale a jikinsa ya kai ta kan wata tattabarar, kamar ɗan acaɓa. A arewacin Kenya kuma masu bincike sun nuna cewa ƙudan raƙumi na iya ɗaukar wata ƙwayar cutar jini ta raƙuma, daga cikin dangin Anaplasma, ya sa wa wata dabbar.

Na tuna 'yan shilar da na riƙa tsinta a mace a cikin tukunya, musamman da zafi, sun rame, fatarsu ta yi fari. Nakan ce maye ne, ko uwar ce ta ƙi ba su abinci. Ba zan ce ƙudan ne ya kashe su duka ba, abubuwan da ke kashe ɗan shila suna da yawa. Amma ban taɓa kwashe shimfiɗar tukwanen nan ba sai in ta cika ta hana su zama, kuma a nan ne 'ya'yan ƙudan ke kwance suna jiran fitowa.

Abin da ke ci mini rai shi ne, mutanen Finlan sun zauna sun ƙirga ƙudaje ɗaya ɗaya a fatar dabbar daji, sun bi sawunta a cikin dusar ƙanƙara suna tsintar ƙwanso, har yaron firamare ya san sunan abin da watan fitowarsa. Mu kuwa raƙumi da doki da tattabara dukiya ce a hannunmu, da su ake biyan kuɗin makaranta, da su ake aurar da 'ya'ya. Makiyayanmu sun san ƙudajen nan sarai, sun san lokacin da suke yawa da inda suke taruwa a jikin dabba, sun fi ni sani nesa. Sai dai wannan sani yana bakinsu, kuma yaron da ke kiwon tattabara a bayan ɗaki ba wanda ya taɓa gaya masa cewa baƙin ƙwayoyin da ke ƙasan tukunya ƙudaje ne da ba su fito ba tukuna. Ɗaliban likitancin dabbobi da ke Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ga aiki nan a ƙofar gida. Kwalba da ɗan sifirit na asibiti don adana ƙudajen, da haƙurin zama a kasuwar dabbobi sun isa a fara.

Tattabarun nawa yanzu suna hannun ƙanena. Ranar Juma'ar da ta wuce na kira shi ta WhatsApp bayan an sauko daga masallaci, muka gaisa, na tambayi Inna da jikinta, sannan na ce ya ɗauko tsani ya sauko mini da tukunya ɗaya wadda 'yan shila suka tashi daga ciki.

Ya ce, "Yaya, lafiya dai?"

Na ce lafiya lau, ya zazzage ta a kan farin buhu ya baza da tsinke, ya nuna mini.

Ya ajiye wayar a kan turmi, ina ganin sama da reshen darbejiya, ina jin kukan tattabarun da muryar Inna tana tambayar me ake yi da buhunta. Can sai ya ɗago wayar ya kanga ta a kan tafin hannunsa. Ga su nan guda bakwai, baƙaƙe, masu sheƙi, biyu a fashe babu kowa a ciki.

Ya ce, "Wallahi Yaya kullum ina ganin waɗannan. Na ɗauka irin wata ciyawa ce suke kawowa."

Na ce ya matse ɗaya da farce. Ya matse, ya yi shiru yana kallon abin da ya fito. Na gaya masa sati uku zuwa huɗu suke yi kafin su fashe, don haka duk sati biyu ya kwashe shimfiɗar tukwanen da babu ƙwai a ciki, ya ƙone ta, kada ya zubar a bola, ya zuba sabuwar ciyawa. Ya ce tukwanen yanzu talatin da huɗu ne, ba zai gama yau ba. Na ce ya fara da na jikin katangar gabas, inda rana ta fi bugawa. Na ji ya ƙwala wa ɗan maƙwabta kira ya zo ya riƙe masa tsani, sai layin ya yanke.